Muhawara: a faɗa wa manemin aurenta tana shan maganin ƙwaƙwalwa, ko a rufa asiri?

Maman Hanif:
Slm 'yan gida, dan Allah shawara nake nema, a yi min uzuri zan ɗan yi tsawo. Akwai 'yar ƙanwar mamanmu, tana aji biyu a kwalejin ilimi ciwo ya kama ta, ta daina bacci kwata-kwata sai surutu dare da rana tana cewa ana kiran sunanta ta taga alhali babu kowa. An yi na gida an yi ruƙiya har aka gaji, ƙarshe wani kawunmu ne ya rufe ido ya kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, aka ɗora ta a kan magani ta dawo garau, ta ƙarasa karatunta yanzu haka koyarwa take a wata firamare, in ba an faɗa maka ba wlh ba za ka taɓa cewa ta yi wani ciwo ba. To yanzu miji ya fito har an kawo kuɗin gaisuwa, gida kuma ya rabu biyu. Babanta ya ce a kira yaron a faɗa masa gaskiya, mamanta ta yi rantsuwa duk wanda ya buɗe baki ba ita ba shi. Dama tun farko ko maƙwabta ba su sani ba, katin asibitin a gidan kaka ake ajiye shi, ƙwayoyin kuma ɓarewa ake a juye a robar farasitamol. Abin da ya fi ɗaga min hankali, yanzu maman cewa take ta daina shan maganin kafin biki tunda ai ta warke, kar ango ya gani a ɗaki. Ya kuke gani?

Ummu Khairat:
Wslm Maman Hanif. Gsky ni ina bayan maman, kar ku ga laifinta. Ku da kuka san garin nan, ranar da maganar nan ta fita daga bakin saurayin zuwa kunnen uwarsa shikenan an gama, auren ya mutu, kuma ba ita kaɗai ba har ƙannenta sai sun ji a jikinsu. 'Yan binciken aure suna shigowa layi abin da za a fara raɗa musu kenan, ai gidan akwai taɓi. Asirin da Allah ya rufa mene ne na tonawa.

Anti Zee:
Hmmm Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa. Amma fa ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ɗaki ɗaya za su kwana.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Ummu Khairat ki yi haƙuri, rufin asiri daban yaudara daban. Babu wanda ya ce a yi shela a unguwa, amma mutumin da zai zauna da ita yana da haƙƙin sani. A Risala, wadda kowane ɗan makarantar zaure ya wuce ta kanta, aibobi huɗu aka ambata da ake iya mayar da aure saboda su in an ɓoye: hauka, kuturta, albaras da ciwon gaba. Wato in kun ɓoye ya gano daga baya kun ba shi hujja da hannunku, ga kuma hadisin wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Sannan abin da mutane ba sa kawowa in ana wannan karatun, a mazhabarmu ta Malikiyya idan lalurar ta sami miji shekara guda ake ɗiba masa ya nemi magani kafin a yi maganar rabuwa. Ke nan malaman da suka rubuta haka tun ƙarnoni sun ɗauke shi ciwo ne da ake sa ran warkewa, mu ne muka zo muka ce ba a warkewa sai dai rangwame.

Sista Rabi:
Maman Hanif ki bar maganar faɗa ko kar a faɗa tukuna, ki fara da ta maganin don ita ce ta gaggawa. DAN ALLAH KAR TA DAINA. A sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa nake aiki kuma wannan labarin kullum sai mun gan shi, yarinya ta samu lafiya ta yi shekaru ƙalau, ana sa rana sai uwa ta ɗauke magani, ga hidimar biki ga rashin bacci ga baƙon gida ga fargabar kar a gane, wata biyu uku sai a dawo mana da ita da lallen amarci bai gama fita a ƙafarta ba, kuma yanzu a gaban dangin miji abin ya tashi, waɗanda ba su san komai ba balle su san me za su yi. Lafiyar da kuke gani maganin ne yake riƙe da ita, kamar mai hawan jini ne, awo ya yi kyau ba ya nufin a zubar da ƙwaya. Likitanta ne kaɗai zai ce a rage ko a tsaya, kuma a hankali ake janyewa ba rana ɗaya ba.
Sannan ga maganar ciki. Akwai magungunan da ba a so mace ta ɗauki ciki tana kansu, irin su balfuro'et yana iya taɓa halittar jariri, dole likita ya san za ta yi aure ya duba ko zai canza mata. Bayan haihuwa kuma nan ne wurin haɗari, rikicewar da ke kama mai jego a sati biyun farko tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1000, amma ga wadda ta taɓa irin wannan ciwon haɗarin ya ninka sosai. To wa zai lura da ita a daren da ta kasa bacci in mijin bai san komai ba?

Baban 'Yan Biyu:
Ni fa ba na son munafunci. Duk masu cewa a faɗa a faɗa, a cikinku wa zai yarda ɗansa ko ƙaninsa ya aure ta bayan an faɗa? Ni dai ba zan yarda ba, ba ƙiyayya ba ce, abin nan gado ne yana bin jini, ka tara 'ya'ya ka zo kana jigilar asibiti.

Anti Zee:
Kai Baban 'Yan Biyu ka ji tsoron Allah, ka san me gobe za ta haifar a gidanka?

Baban 'Yan Biyu:
Anti ai tsoron Allahn ne ya sa na faɗi abin da ke raina. Kuma kin ga amsata ita ce dalilin maman yarinyar, irina sun fi yawa a gari.

Sista Rabi:
Yallaɓai na yaba da ka fito fili, bari in ba ka lissafin. Eh akwai gado a ciki ba a musu. Ɗauki sikizofireniya, mai sa mutum jin muryoyi ko ganin abin da babu, wadda ita ce mafi nauyi, a cikin jama'a gaba ɗaya bai wuce mutum 1 cikin 100 ba, idan uwa ko uba ɗaya yana da ita ɗan yana da kusan kashi 10 cikin 100. Ka juya shi, 90 cikin 100 ba za su yi ba kenan. Yanzu ka kwatanta da AS ya auri AS, kowane ciki kashi 25 cikin 100 ne sikila, kuma har Kano ta yi dokar gwaji kafin aure a 2024 amma har gobe ana zuwa ana roƙon a canza sakamako don soyayya. Wancan ana cewa a bar wa Allah, wannan kuwa ko gaisawa ba a son yi. Ba lissafin gado ne yake kora mutane ba, abin da za a ce ne.

Malam Na Tudu:
Assalamu alaikum. Ni abin da ban gane ba, tun farko wa ya tabbatar muku ba shafar aljani ba ce? Ana kiran sunanta ta taga, ba ta bacci, ai alamomin a fili suke. Ƙwayar asibiti kwantar da mutum kawai take ta sa shi bacci da ƙiba, mutanen ɓoye suna nan ba su tafi ba, shi ya sa da an daina sha abin yake dawowa. A nemi mai ruƙiya na ƙwarai a yi ta yadda ya kamata a huta da shan ƙwaya har abada.

Sista Rabi:
Allah gafarta Malam, ban musa aljanu ba ni ma musulma ce, kuma ba mu taɓa hana kowa karatu a kan majinyacinsa ba, a gadon asibiti ma ana tofi ana shan zamzam. Amma ta ce an yi ruƙiyar har an gaji sannan aka tafi asibiti, da aka sha magani muryar ta ɗauke. Kuma maganar ƙiba da bacci gaskiya ne, olanzafin yana sa ci da ƙiba, su halofaridol na da kuma suna sa jiki ya sanƙare hannu na rawa wani har yawu na zuba, shi ya sa ake haɗawa da wani maganin ko a canza. Wannan sanƙarewar ita mutane ke gani a hanya su ce asibiti ta mayar da shi dolo, alhali gyaran awo kawai yake buƙata. Abin da nake roƙo a haɗa biyun, kar a ce sai an zaɓi ɗaya.

Abu Sumayya:
Malam Na Tudu, Manzon Allah SAW da ya yi ruƙiya shi ne kuma ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma ya ce ku nemi magani. Matsalarmu yanzu ruƙiya ta zama kasuwa, kowane lungu da allon sanarwa, kuma wasu da dorina suke yi wai aljanin ake duka. In an tashi fatar wa ke fashewa? Ka lura da wani abu, iyaye sun fi son a ce aljani ne saboda mai aljanu ana aurenta har a tausaya mata, wadda aka ce ƙwaƙwalwa ce kuwa an yi mata tambari. Ba ilimi ne ya sa ake zaɓar aljanin ba, kunya ce.

Malam Na Tudu:
Masu duka ba da yawunmu suke yi ba, wannan jahilci ne. Amma ku ma ku yarda akwai abin da na'urarku ba ta gani.

Ɗan Gobir:
Ni nan Sakkwato nike, kuma wallahi abin da Abu Sumayya yac ce haka shike. Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware na gwamnatin tarayya na, an yi shi don a taimaki mutane, amma sunan garin ma ya koma abin zagi, yara na faɗa sai ka ji wanga sai Kware. Na san dattijon da in za shi amso ma ɗiyarshi magani sai ya sauka mota nesa da ƙofa ya taka da ƙafa, wai kar direba ya gane inda za shi. Mutum da furfura tai yana laɓe-laɓe awa wanda yay yi sata.

Hajiya Babba:
Ɗan Gobir ai ko'ina haka ne, Kano a ce Dawanau, Kaduna a ce Barnawa, Legas a ce Yaba, duk an mayar da su abin tsokana. Mu da muka manyanta mun ga zamanin turu, a sa ƙafar mutum a gungumen icce a bar shi rana da damina. Na ɗauka an wuce wurin sai ga abin da aka gani a 2019, 'yan sanda suka buɗe gidan nan na Rigasa a Kaduna suka fito da mutum wajen 300 wasu da mari a ƙafa, ba a jima ba aka buɗe wani a Daura. Ba duka ne masu taɓin hankali ba, akwai 'yan shaye-shaye akwai waɗanda aka ce sun gagara, amma abin da ya tsaya min a rai iyaye ne da kansu suka kai su har suna biyan kuɗin wata. Sun gwammace a ce yana gidan Malam yana karatu da a ce yana asibiti. Ke kuma Maman Hanif ki gaya wa ƙanwar mamanku in ji ni, 'ya ta fi suna.

Admin:
Wata 'yar gidan nan ta turo min wannan ta inbos ta ce in saka ba tare da sunanta ba. Dan Allah a kiyaye harshe.

"Yaya Admin ina karanta muhawarar nan hannuna na rawa don kamar da ni ake. Ina da baifola, ciwon da wani lokaci kai ke ɗaukar zafi a kasa bacci wani lokaci kuma damuwa ta danne mutum, ina shan magani, ina da aure da yara kuma ina aiki. Ni da bakina na faɗa wa mijina kafin a kawo sadaki, wanda ya fara zuwa kafin shi da na faɗa masa ko sallama bai yi min ba ya ɓace, na yi kuka kamar raina zai fita amma yau ina gode wa Allah da ya tafi tun a waje. Shi wannan da na faɗa masa sai ya ce in kai shi wurin likitana, ya je ya zauna ya yi tambayoyinsa har da na haihuwa, yanzu shi ne yake fara ganewa in baccina ya soma raguwa tun kafin ni in gane. To amma kar in yi muku ƙarya wai komai daɗi ne. Danginsa sun sani, kuma tun daga ranar ba ni da ikon yin fushi irin na kowa. In yaro ya fasa min kofi na ɗaga murya sai ka ga ana kallon juna, in muka saɓa da ƙanwarsa a kan abin da kowa ya san ita ce ba ta da gaskiya sai ta sassauta murya ta ce Anti kin sha maganinki kuwa. Ranar sunan wata a dangin na miƙa hannu zan ɗauki jaririyar sai uwar ta yi wuf ta ce bari ta sha nono, yanzun nan fa ta gama sha a gabana. Ciwon kansa in ya tashi sati kaɗan ne ya lafa, wannan kallon shi ne ba ya lafawa. Shawarata a faɗa wa mijin shi kaɗai, ita yarinyar ta faɗa da bakinta ko a gaban likitanta, kuma a roƙe shi amana kar ya kai wa dangi. Kuma a tambaye ta ita me take so, na ga duk ana ta maganar uwa da uba ba wanda ya ce ita me ta ce."

Anti Zee:
Innalillahi, maganar jaririyar nan ta sa ni hawaye. Allah ya ƙara miki lafiya 'yar'uwa, ya saka wa mijinki da alheri.

Maman Hanif:
Wlh 'yar'uwa kin taɓo inda yake. Ita tana so ta faɗa masa, ta ce ta gaji da ɓoye robar magani a cikin safa, tsoron mamanta ne kawai ya hana ta. Na gode sosai.

Ummu Khairat:
To ai kun ji da kunnenku, na farkon guduwa ya yi. Ba kowa ke dace da irin mijinta ba, in wannan ya gudu ya kuma baza ta a gari fa? Ni har yanzu ina tsoro gsky.

Baban 'Yan Biyu:
Baiwar Allah da ta turo saƙo, Allah ya ƙara sauƙi. Mijinki namiji ne. Ban canza ra'ayi a kan gidana ba amma abin da ƙanwar mijinki take yi rashin tarbiyya ne, da ƙanwata ce da ta ji a jikinta.

Barista:
Bari in shigo ta ɓangarenmu. Tsangwamar nan ba a unguwa kawai take ba, a cikin doka ma ta daɗe. Kafin 2023 dokar da Najeriya ke aiki da ita a kan masu lalurar nan ta 1958 ce, wadda tushenta tun 1916 zamanin Turawa, kuma ba ruwanta da magani ko haƙƙin majinyaci, yadda za a tsare mutum a killace shi kawai ta sani, shi ya sa ake samun marasa lafiya a gidan yari ba su yi laifin komai ba. Sai a Janairun 2023 aka sanar Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta hana nuna musu bambanci a wurin aiki da wurin zama, ta ba su haƙƙin a nemi yardarsu a magani, ta kuma hana ɗaure mutum da mari. A takarda kenan, aiwatarwa kuma sai a hankali. Sannan ga wani abin da yake ci min tuwo a ƙwarya, sashe na 231 na Penal Code da muke aiki da shi a Arewa, wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba ana iya ɗaure shi har shekara guda. Mutumin da ciwon damuwa ya kai shi bango, maimakon likita sai ɗan sanda. Wane gida ne za su fito su ce ɗanmu ya sha fiya-fiya a taimaka mana? Sai a ce kuskure ne ya ɗauka ruwa ne. Ghana sun cire irin wannan daga laifuka a 2023.

Abu Sumayya:
Barista kashe kai dai haramun ne babu wasa a ciki, amma hana shi ake so ba a jira a hukunta ba. Kuma masu cewa ciwon damuwa raunin imani ne su je su karanta Suratu Yusuf, Annabi Yaƙub AS baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, waye zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Shari'a ma cewa ta yi an ɗauke alƙalami a kan wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Allah ya ɗauke masa hisabi mu kuma mun ɗora masa namu.

Issoufou na Yamai:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina biye da ku. Mu ma nan haka ne, a babbar likita ta ƙasa akwai Pavillon E, sashen masu taɓin hankali, in aka ce an kai wane can to ko ya warke ya koma aiki sunan na biye da shi. Mutane sun fi gane su fara zagaya malamai da 'yan bori, sai kuɗi sun ƙare jiki ya lalace sannan a zo wurin lokotoro.

Sadiq Injiniya:
Wani abu da ba a taɓo ba, mu maza namu salon daban ne. Mace in ta rikice a ce aljanu ko kishiya ta yi mata jifa, namiji kuwa kai tsaye ɗan ƙwaya ne. Tun da BBC ta yi rahoton kodin a 2018 gwamnati ta hana maganin tarin, duk saurayin da ya fara magana shi kaɗai an gama yanke masa hukunci. Eh shaye-shaye na haukata mutane ba ƙarya ba ne, binciken da aka yi a 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar nan, amma akwai abokina tun firamare ko sigari bai taɓa riƙewa ba, hafizi ne ma, da ciwon ya same shi a jami'a har a masallacin unguwa ana cewa ashe yana sha a ɓoye. Ya warke yana sana'arsa amma har yau ba a ba shi limanci ko liman bai zo ba, da kuwa shi ake turawa gaba.

Sista Rabi:
Sadiq wannan shekarun da ka faɗa su ne daidai lokacin da ciwon ya fi fitowa, ƙarshen shekarun sha zuwa ashirin da wani abu, ko an sha ko ba a sha ba, shi ya sa ake yawan ganinsa a 'yan makaranta sai a ce karatu ne ya yi masa yawa ko an yi masa asiri don ƙoƙarinsa. Kuma wani sa'in ciwon ne yake fara zuwa, yaro ya kasa bacci ya rasa wanda zai faɗa wa sai ya nemi abin da zai kwantar masa da kai. Mu kanmu ma'aikatan ba mu tsira ba, ni an sha ce min wai mai aiki da su shi ma a hankali yake zama su, ƙawayena na makaranta har tausayina suke. Likitocin fannin a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasu ma kullum ficewa waje suke, ɗalibai kuma ba sa son zaɓar fannin saboda irin wannan baki. Abin takaicin a ƙasar nan aka fara nuna wa duniya wata hanya, Farfesa Lambo a Aro ta Abeokuta tun 1954 ya riƙa saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowa da ɗan'uwansa ɗaya mai jinya, da safe su zo asibiti da yamma su koma cikin jama'a, har masu maganin gargajiya ya jawo ya yi aiki da su. Mutumin nan har ya kai mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Shekara saba'in bayan haka mu muna kulle namu a ɗakin baya.

Hajiya Babba:
Sista Allah ya yi miki albarka, kina ƙoƙari.

Ɗan Autan Mama:
Slm. Tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Sista maganar ɗakin bayan nan, akwai yayana a gida, ya daɗe a kulle ta taga ake miƙa masa abinci, baba ya ce in aka fito da shi aka gan shi ƙannenmu mata ba za su auru ba. Ba ya duka sai dai in an takura masa, yawanci shiru yake yana kallon bango. Wanda ya daɗe haka ana iya yi masa wani abu kuwa ko lokaci ya wuce? Kuma ya ake kai mutum in ya ƙi shiga mota?

Sista Rabi:
Ƙanina lokaci bai wuce ba, mun karɓi waɗanda aka kawo gashi ya cukurkuɗe ƙafa ta kumbura da zama, suka koma suna cin abinci da mutane suna zuwa masallaci. Daɗewar tana rage saurin sauƙin, shi ya sa kar a ƙara ko wata ɗaya. Ba sai ka fara da ɗaukarsa ba, kai ka fara zuwa asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa ko sashen da ke asibitin koyarwa, ka nemi ganin likita ko ma'aikacin walwala ka faɗi komai, yaushe ya fara, me aka taɓa ba shi, yana ci yana bacci ko a'a, su za su tsara maka yadda za a kawo shi. Kar a ɗaure shi kar a taru masa a ka, a samu mutum ɗaya da yake jin maganarsa, a ce masa za a duba rashin baccinsa ne ko jikinsa, a fita da sassafe tunda baba kunyar idon mutane yake ji. In da tsofaffin kwalayen magani ko kati a tafi da su. In shan ƙwaya kullum zai yi wuya akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata. Baban naku kuma kar ka tunkare shi kai kaɗai, ka nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa, a je da shi. Ka turo min garin da kuke ta inbos in faɗa maka ranar da ake ganin sababbi a asibitin da ya fi kusa da ku.

Ɗan Autan Mama:
To Sista, na turo. Akwai wan babanmu a Zariya, shi zan fara kira in an yi la'asar.